An ga yis a jinin majinyaci: gurɓacewar kwalba ce ko cuta?

Tambaya: Muna da majinyacin da aka yi wa tiyatar hanji kwana 12 da suka wuce. Akwai kateta, wato siririn bututun roba, a babbar jijiyar wuyansa, ta nan ake ba shi abinci. Zazzaɓi ya ƙi sauka duk da manyan magungunan kashe bakteriya da yake karɓa. Yau ɗakin gwaji suka kira, sun ce sun ga yis, wato wani nau'in fangas, a kwalba ɗaya cikin huɗu da aka zuba jininsa don gwajin ƙwayoyin cuta. Mu jira a maimaita gwajin ne, ko daga fata ya shiga kwalbar?

Amsa: Likita, kada ku jira. Yis a kwalbar jini cuta ce da ake yi wa magani, ko da kwalba ɗaya ce cikin huɗu, ko da ta cikin katetar aka ɗebi jinin, ko da zazzaɓin ya sauka da kansa gobe. Maganar "wataƙila daga fata ne" tana da gurbi idan wasu bakteriyar fata aka gani, amma ba ta shafi yis ba. A cikin majinyatan da wannan cuta ta kama a asibiti, kusan uku zuwa huɗu cikin goma ne ke rasuwa, kuma jinkiri na daga cikin manyan dalilai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006, a kan majinyata 230, ya nuna cewa waɗanda aka fara wa magani a ranar da aka ɗebi jinin, kashi 15 cikin ɗari ne suka rasu. Waɗanda aka fara wa washegari, kashi 24. Bayan kwana biyu, kashi 37. Bayan kwana uku ko fiye, kashi 41. Ka tuna kuma cewa kwalbar da ta nuna yau, galibi kwana biyu ko uku ke nan da aka cika ta. An riga an makara kafin wayar ta yi ƙara.

Mafi yawan yis ɗin da ke shiga jini daga dangin Candida yake. Ba baƙo ba ne a jikin mutum: yana zaune a baki, da hanji, da fata, da gaban mata, ba ya cutar da kowa muddin bakteriyar da suke zama tare suna nan suna taka masa birki, kuma bangon hanji da fata ba su tsage ba. Majinyacinka ya rasa duka biyun. Magungunan kashe bakteriya masu faɗin aiki sun share masa maƙwabtan, Candida ya samu fili ya yaɗu. Tiyata ta buɗe bangon hanji. Kateta ta huda fata ta shiga jijiya kai-tsaye, kuma ruwan abincin da ke bi ta cikinta cike yake da sukari da mai. Sauran masu irin wannan haɗari su ne masu wankin ƙoda, masu ciwon sukari, masu shan siteroyid, masu ƙuna mai yawa, masu mummunan kumburin fankiriyas, waɗanda maganin kansa ya rage musu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aka yi wa dashen gaɓa, jarirai bakwaini, da duk wanda ya daɗe a sashen kulawa ta musamman.

Cutar ba ta da alamar da za ka ce tata ce ita kaɗai. Zazzaɓi ne, rawar ɗari, bugun zuciya da sauri, wani lokaci faɗuwar hawan jini, daidai da yadda bakteriya ke yi. Abin da ke sa a zarge ta shi ne labarin majinyacin: zazzaɓin da ya wuce kwana uku ko huɗu ana ba da maganin da ya kamata ya yi aiki, a jikin mutumin da ke da abubuwan haɗarin nan.

Kafin magani, ka koma ɗakin gwaji da tambaya ɗaya: wane irin yis ne? Amsar "Candida" kaɗai ba ta isa ba, domin nau'in ne ke nuna maganin. Candida albicans shi ne ya fi yawa a da, kuma galibi yana jin fluconazole, amma a asibitoci da dama yanzu sauran nau'o'in idan aka haɗa su sun kai rabi ko sun wuce. Candida glabrata ya fi kama tsofaffi da waɗanda suka taɓa shan fluconazole, yana jinkirin tsirowa a kwalba, kuma ba ya jin fluconazole sosai. Candida krusei ba ya jin fluconazole kwata-kwata, haka halittarsa take, ƙara yawan maganin ba ya amfani. Candida parapsilosis na hannun ma'aikata ne da kateta da ruwan abinci na jijiya, shi ya sa ya yi yawa a ɗakin jarirai. A wasu ƙasashe, ciki har da Afirka ta Kudu, ya fara bijire wa fluconazole sosai. Candida tropicalis ya fi addabar masu kansar jini. Candida lusitaniae ba shi da yawa, amma yana iya bijire wa amphotericin B. Sai Candida auris, wanda zan zo kansa a gaba. Za ka ga sabbin sunaye a wasu takardun sakamako, kamar Nakaseomyces glabratus a madadin glabrata, da Pichia kudriavzevii a madadin krusei. Ƙwayar ba ta canza ba, suna ne kawai.

Inda akwai na'urar MALDI-TOF, ana gane nau'in cikin mintuna da zarar ya tsiro a faranti. Inda babu, faranti mai canza launi yana taimakawa: albicans kore, tropicalis shuɗi, krusei ruwan hoda mai faɗi da kaushi. Akwai kuma tsohon gwaji mai sauƙi, a saka yis ɗin cikin ruwan jini a zafin digiri 37 na awa biyu zuwa uku. Idan ya fitar da ɗan siririn tsiro, to albicans ne ko ɗan'uwansa dubliniensis. A nemi kuma gwajin jin magani, aƙalla na fluconazole, ga duk yis ɗin da ya fito daga jini.

Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. Ba duk yis ɗin jini ne Candida ba. Cryptococcus da Trichosporon su ma yis ne, kuma magungunan da ake fara ba mai Candida, wato dangin echinocandin, ba sa taɓa su. Idan majinyacin yana da cutar HIV da ta yi nisa, ko yana ciwon kai da ruɗewa, a yi gwajin Cryptococcus na gaggawa a jini a ranar.

Maganin farko ga babba, bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta fitar a 2016, shi ne ɗaya daga dangin echinocandin, duk ta jijiya. Caspofungin miligiram 70 a ranar farko, sannan 50 kullum. Ko micafungin miligiram 100 kullum, ba ya buƙatar babban kason farko. Ko anidulafungin miligiram 200 a ranar farko, sannan 100 kullum. Suna kashe Candida ta hanyar hana shi gina bangon jikinsa, ba sa wahalar da ƙoda, kuma ba sa yawan karo da wasu magunguna. A gwajin da aka buga a 2007 da ya kwatanta anidulafungin da fluconazole, na farkon ya yi nasara a kusan kashi 76 cikin ɗari, na biyun kusan kashi 60. Da caspofungin a lura da abu biyu: idan hanta ta yi matsakaicin rauni ana rage kason kullum zuwa 35, idan kuma majinyacin yana shan rifampicin ana barin sa a 70. A 2023 an amince da rezafungin a Amurka, wanda shi ma echinocandin ne, ake bayarwa sau ɗaya a mako, miligiram 400 sannan 200.

Fluconazole a matsayin maganin farko yana da gurbi ga wanda jikinsa bai yi tsanani ba, bai sha irin wannan magani kwanan nan ba, kuma asibitin ba a san shi da nau'in da ke bijirewa ba. Majinyacinka, da tiyatar hanji da zazzaɓi mai naci, na fi son a fara masa da echinocandin idan akwai. Idan babu, kada rashin sa ya zama dalilin kwana babu magani. A ba da fluconazole, amma a ba da shi yadda ya kamata: miligiram 800 a ranar farko, wato 12 ga kowane kilo na nauyinsa, sannan 400 kullum, wato 6 ga kowane kilo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta 150 ko 200 kamar na ƙaiƙayin gaba, ko a tsallake babban kason farko. Wannan magani yana daɗewa a jiki, don haka ba tare da kason farkon ba sai ya kwashe kwanaki kafin ya kai ƙarfin da ake so a jini. Idan aikin ƙoda, wato yawan tacewarta, ya sauka ƙasa da mililita 50 a minti, kason farko yana nan cikakke, na kullum ne ake rabawa biyu. Mai wankin ƙoda kuma ana ba shi bayan wankin. A duba sauran magungunansa: fluconazole yana ƙara ƙarfin warfarin, phenytoin, tacrolimus da wasu ƙwayoyin ciwon sukari, yana kuma iya tsawaita QT, wata tazara da ake aunawa a gwajin bugun zuciya.

Idan babu echinocandin kuma ana zargin nau'in da ba ya jin fluconazole, ko majinyacin yana ƙara tsananta, sai amphotericin B. Mai haɗin mai ana ba da miligiram 3 zuwa 5 ga kowane kilo a rana. Tsohon nau'in, wanda ake kira deoxycholate, 0.7 zuwa 1 ne ga kowane kilo. A kula ƙwarai kada a rikita su, domin ba da tsohon nau'in a kan kason sabon yana iya tsayar da zuciya. Ana haɗa shi da ruwan sukari na kashi 5, ba ruwan gishiri ba, saboda gishiri yana sa shi gudaji, kuma ya ɗauki aƙalla awa huɗu yana shiga. Kafin kowane kaso a ba babba lita ɗaya ta ruwan gishiri idan zuciyarsa za ta ɗauka, a riƙa auna fotasiyam da maganisiyam da aikin ƙoda aƙalla sau biyu zuwa uku a mako, a mayar da abin da ya ragu. Rawar ɗari lokacin shigar maganin abu ne sananne, paracetamol kafin farawa da rage gudun ruwan suna sauƙaƙa ta.

Yanzu katetar, wadda ita ce ake yawan ja-in-ja a kanta. Candida yana manne wa jikin roba ya yi wani yauƙi mai kauri kamar gansakuka a cikin bututun ruwa, ya ɓuya a ciki. Fluconazole ba ya ratsa wannan yauƙi, kuma daga can yis ɗin ke ci gaba da zuba cikin jini kullum. A cire katetar da wuri, cikin awa 24 zuwa 48 idan zai yiwu. Idan dole ne majinyacin ya samu wata, a huda sabon wuri. Sauya ta a kan wayar jagora da ake zurawa ta tsohon ramin sanya sabuwar roba ne cikin tsohuwar cuta. Wani nazari na 2012 da ya tattara majinyata kusan 1,900 daga gwaje-gwaje bakwai ya gano abu biyu da ke tafiya da raguwar mutuwa: cire kateta, da amfani da echinocandin. Na san hujjar da ake kawowa, cewa jijiyoyinsa sun ƙare kuma ta nan yake cin abinci. Matsala ce ta gaske, amma maganinta shi ne a kira wanda ya iya sa wata a yau. Inda ake sassautawa shi ne mai kansar jini wanda fararen ƙwayoyinsa suka ƙare, domin shi galibi daga hanji cutar ke fitowa, kuma huda shi na da haɗarin zubar jini. Nasa ana duba shi ne ɗaya-ɗaya. Idan katetar ba za ta ciru ba ko ta yaya, maganin ya zama echinocandin ko amphotericin mai haɗin mai, su ne ke taɓa yauƙin.

Ga majinyacinka akwai wuri na biyu da za a duba, wato cikinsa. Ɗinkin hanji da ya ɓalle ko tarin mugunya a ciki ba ya warkewa da allura. A yi hoton ciki, idan akwai tari a zuƙe shi ko a koma tiyata, a aika ruwan ɗakin gwaji cikin sirinji, ba daga tsohuwar robar da ta kwana a jiki ba.

Daga ranar da aka fara magani, a riƙa ɗibar jini don gwaji kullum ko bayan kwana ɗaya, har sai ya fito babu komai. Yawan jinin yana da muhimmanci: mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba, jimilla 40 zuwa 60 a zama ɗaya. Kwalbar da aka ɗiga wa mililita 2 za ta iya cewa babu alhali akwai. Ko da an cika ta daidai, gwajin jini yana kama kusan rabin masu Candida a cikin jiki ne kawai, shi ya sa ake taimaka masa da gwajin beta-D-glucan, wani sinadari na bangon jikin fangas, inda ake da shi. Wannan gwaji ya fi amfani wajen kore zargi idan ya fito ƙasa. Idan ya haura fikogiram 80 a kowace mililita kuwa a yi hattara, domin ƙarin albumin, wasu matatan wankin ƙoda da ƙyallen tiyata duk suna iya ɗaga shi ba tare da cuta ba.

Lissafin kwanaki shi ne inda ake yawan tuntuɓe. Magani kwana 14 ne, amma ƙirgar tana farawa ne daga ranar da aka ɗebi jinin farko da ya fito babu yis, da sharaɗin alamomi sun tafi. Idan an fara magani ranar 1 ga wata, jinin ranar 2 da na ranar 4 suka nuna yis, na ranar 6 ya fito fes, to daga ranar 6 ake ƙirgawa, magani ya kai wajen ranar 20. Wanda bai maimaita gwaji ba, ba shi da ranar da zai fara ƙirga. A rubuta wannan rana ɓaro-ɓaro a saman takardar magani, domin likitan da zai sallami majinyacin sau da yawa ba shi ne ya fara jinyar ba.

Bayan kwana 5 zuwa 7, idan jiki ya daidaita, jini ya tsarkaka, kuma gwaji ya nuna yis ɗin yana jin fluconazole, ana iya komawa kansa. Idan hanji yana aiki, ƙwayar sha ta wadatar, domin kusan kashi 90 cikin ɗari nata na shiga jini. Ga glabrata sai an tabbatar da gwaji, kuma kason 800 ne. Ga krusei voriconazole ake komawa.

Candida da ya shiga jini yana iya sauka a ido, a bawul ɗin zuciya, a ƙoda, a hanta da saifa, a ƙashi. Ƙa'idar 2016 ta ce a sa likitan ido ya buɗe ƙwayar idon da magani ya duba bayansa a cikin makon farko. A 2021 ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta ce a taƙaita wannan ga masu alamar ido, don haka masana sun rabu. Ra'ayina shi ne, wanda ba ya iya magana, kamar mai numfashi da na'ura ko jariri, da wanda jininsa ya ƙi tsarkaka, da mai ganin dishi-dishi ko ɗigo-ɗigo na yawo a gabansa, lallai a duba su. Mai ƙarancin fararen ƙwayoyi kuma sai sun dawo ake duba shi, domin kafin nan tabon ba ya bayyana. Dalilin damuwa da ido shi ne yana sauya maganin gaba ɗaya: echinocandin ba ya shiga ido sosai, haka ƙwaƙwalwa da fitsari. Idan ido ya kamu ana komawa fluconazole ko voriconazole ko amphotericin, tsawon mako 4 zuwa 6, wani lokaci da allura cikin idon.

Idan kwana uku zuwa biyar sun wuce jini na ci gaba da nuna yis, kafin a zargi maganin a nemi maɓoya. Shin akwai wata roba da aka manta, ta wankin ƙoda ko ta jijiyar hannu? Jijiyar da katetar ta zauna ta yi gudan jini mai cuta? Akwai toshewa a hanyar fitsari? A yi sikanin zuciya, musamman ga mai bawul na roba ko ƙarfe, ko mai na'urar bugun zuciya. Candida a bawul galibi sai da tiyata, da magani na aƙalla mako 6 bayanta. Bayan an duba waɗannan ne ake komawa kan kaso da kuma yiwuwar bijirewa, wadda ke faruwa da glabrata a jikin wanda ya taɓa karɓar echinocandin.

Jarirai nasu daban ne. Alamominsu ɓoyayyu ne: ƙin abinci, ɗauke numfashi, kumburin ciki, hawan sukari, raguwar ƙwayoyin daskarar da jini. Cutar tana saurin zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda, saboda haka ana ɗibar ruwan ƙashin baya, a duba ido, a gwada fitsari. Maganin farko tsohon amphotericin ne, miligiram 1 ga kowane kilo, kuma jarirai suna jure shi fiye da manya. Ko fluconazole 12 ga kowane kilo a rana ga wanda ba a taɓa ba shi ba. A ɗakin da cutar ta wuce kashi 10 cikin ɗari, ana ba jariran da ba su kai giram 1,000 ba fluconazole na rigakafi, 3 zuwa 6 ga kowane kilo sau biyu a mako har mako 6.

Candida auris kuwa, an fara bayyana shi a Japan a 2009 daga kunnen wani majinyaci, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin fangas mafi haɗari tare da albicans. Bambancinsa shi ne yana yaɗuwa daga gado zuwa gado kamar bakteriya, yana makonni a kan katifa da ƙarfen gado, kuma tsofaffin na'urorin gwaji suna ba shi sunan wani, musamman Candida haemulonii. Ganin wannan suna a sakamako dalili ne na sake tantancewa. Kusan tara cikin goma na samfuran Amurka ba sa jin fluconazole, kusan uku cikin goma ba sa jin amphotericin, don haka echinocandin ne na farko. A wani sashen kulawa ta musamman a Oxford ta Ingila, majinyata 70 suka ɗauke shi tsakanin 2015 da 2017, kuma aka gano cewa ma'aunin zafin da ake saƙalawa a hammata ana yawo da shi tsakanin majinyata ne ke yaɗa shi. Idan an same shi, a keɓe majinyacin, a sa safar hannu da riga, a shafo hammata da matsematsin maƙwabtansa na ɗaki a gwada, a goge komai da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari. Magungunan goge-goge na dangin ammonium da aka saba da su ba a dogara da su a kansa. A sanar da duk asibitin da za a mayar da majinyacin.

Duk wannan zafin nama na yis ɗin jini ne. Candida a kaki kusan kullum zama ne kawai, ba ciwon huhu ba, ba a ba shi magani. A fitsarin mai robar fitsari wanda ba shi da alama, cire robar ko sauya ta ya wadatar, sai ga mai ƙarancin fararen ƙwayoyi, ko jaririn da bai kai giram 1,500 ba, ko wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari. Fluconazole da ake rabawa saboda kaki da fitsari shi ke haifar da nau'o'in da za su ƙi ji ranar da ake buƙatarsa da gaske. Haka wanda aka fara wa magani a kan zargi kawai: idan kwana 4 zuwa 5 sun wuce babu sauƙi, babu kuma gwajin da ya goyi baya, a dakatar.

Sabuwar katetar da za ku sa masa, a goge fatar da chlorhexidine mai haɗe da sifirit a bar ta ta bushe, a guji jijiyar matsematsi, a goge bakin robar na daƙiƙa 15 kafin kowace allura, a sauya bututun ruwan abinci duk awa 24, filasta mai gani-gani duk kwana 7, ta ƙyalle duk kwana 2, ko nan take idan ta jiƙe ko ta ɗago. Kowace safiya a zagayen likitoci a tambaya ko har yanzu ana buƙatarta, a kuma fara ba shi abinci ta hanji da zarar likitan tiyata ya yarda. Ranar sallama a gaya masa da iyalinsa, a kuma rubuta a takardarsa, cewa dishi-dishin gani, jan ido, ciwon baya mai naci ko dawowar zazzaɓi, ko da bayan watanni ne, dalili ne na dawowa asibiti da wannan takardar a hannu.